Ƙanena zai shiga jirgin filafilai a Norway, ya ce ya iya ninƙaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni direban jirgin fasinja ne a Yawuri, kuma ni nake riƙe da ƙanena tun rasuwar mahaifinmu. Yana karatu a Jamus, ya kira ni ya ce a hutun bazara zai shiga wani tsohon jirgin filafilai na ƙasar Norway mai suna Statsraad Lehmkuhl, ya yi aikin sa-kai tare da ma'aikatansa na mako biyu a teku. Da na nuna damuwa sai ya yi dariya, ya ce in tuna tun yana ɗan shekara bakwai yake ninƙaya a gulbi, ko ya faɗa ruwa ba abin da zai same shi. Kuma wani ya ce zai yi masa takardar horon ma'aikatan jirgi ba sai ya je ba, in dai za a biya. Mahaifiyarmu ta kasa barci. In hana shi ne ko in bar shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri kan riƙon zumunci. Ba zan ce ka hana shi ba, domin jirgin da ya zaɓa yana cikin waɗanda ake da natsuwa da su. An ƙera shi a Jamus a 1914 don horar da matasa, yanzu mazauninsa birnin Bergen ne, tsawonsa mita 98, kuma daga 2021 zuwa 2023 ya zagaya duniya ya dawo lafiya. Yana da kyaftin da ƙwararrun ma'aikata na dindindin, yana da inji bayan filafilan. Abin da ƙanenka yake kira aikin sa-kai, a irin wannan jirgi matsayin ɗan koyo ne, wato shi zai biya kuɗin gurbinsa, ya kwana a ragar lilo, a saka shi cikin ɗaya daga rukuni uku na masu gadi, awa huɗu a bakin aiki, awa takwas hutu, dare da rana. Zai ja igiya, zai riƙe sitiyari a gaban wani babba, zai tsaya a goshin jirgi yana dubawa, zai goge bene. In sa-kai na haƙiƙa yake nema, a can Jamus ɗin akwai Alexander von Humboldt II na Bremerhaven, wanda ma'aikatansa 'yan sa-kai ne, sai dai su ma ta matakin ɗan koyo ake farawa.

Batun takardar nan kuwa, kada ku biya ko sisi. Ɗan koyo ba ya buƙatar takardar STCW, wato shaidar horon ma'aikatan jirgin ruwa ta ƙasa da ƙasa, ma'aikatan jirgin da kansu za su yi masa bayanin tsaro kafin a ɗaga anga. Wanda yake buƙatarta shi ne ma'aikacin da aka ɗauka da albashi, shi kuma sai ya shiga wurin horo da jikinsa, ya kashe wuta, ya yi tsalle cikin ruwa da rigar kariya, ya birkito kwalekwalen ceto na roba da ya kife. Mai sayar da wannan takarda ba tare da horo ba yana sayar da ran mutane ne, kuma ranar da aka gano ta bogi ce, ƙanenka ne zai iya rasa takardar zamansa a Jamus, dillalin yana gida yana cin kuɗinku. Takardar da ya kamata ya duba ita ce biza. Izinin zamansa na Jamus ya ba shi damar kwana 90 cikin 180 a sauran ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, har da Norway, amma in jirgin zai yada zango a Birtaniya ko Ireland, fasfon Najeriya yana buƙatar biza ta daban, kuma ofisoshin nan ba su da hanzari a bazara. Ya karanta jerin tashoshin tafiyar tun yanzu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato dariyar da ya yi. Wannan magana ta "na iya ninƙaya" ita ce nake faɗa da ita a kowane aji da na shiga, kuma mafi wuyar lanƙwasawa a cikin ɗalibai su ne 'ya'yan bakin ruwa irin naku. Wanda bai iya ruwa ba yana zuwa da tsoronsa, kana ce masa ya saka riga zai saka, ya ja maɗaurinta har sai ta kama shi. Gwanin ninƙaya kuwa yakan bar ta a sake, ko ya rataye ta a kafaɗa, domin a ransa rigar ta matsorata ce.

Ka fi ni sanin ruwan gulbinku, yawancin shekara ɗuminsa yana sama da digiri 25. Tekun da ke gaɓar Norway a tsakiyar bazara yana wajen digiri 13 zuwa 16 ne, kuma jikin ɗan Adam yana da abin da yake yi a irin wannan ruwa wanda ba ya neman izinin mai jikin. Da zarar sanyin ya bugi fata, mutum zai ja wani dogon numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba. In a wannan daƙiƙa kansa yana ƙarƙashin ruwa, ruwan zai shaƙa. Daga nan numfashi ya riƙa fita da sauri ba ya kamuwa har tsawon minti ɗaya zuwa uku, zuciya ta hau bugu, wanda a gida yake riƙe numfashi na minti guda ya koma ba ya iya riƙe na daƙiƙa goma. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila ya shafe shekaru yana auna wannan a jikin mutane, kuma daga irin bincikensa ne RNLI, ƙungiyar ceto a teku ta Birtaniya da Ireland, take koyar da cewa wanda ya faɗa ruwan sanyi ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya yi shiru har numfashinsa ya dawo. To, abin da gwanin ninƙaya yake yi kishiyar haka ne. Jikinsa ya saba da cewa in ka faɗa ruwa sai ka sa ƙarfi, don haka zai fara sara ruwa da hannuwa a daidai lokacin da ba ya iya daidaita numfashi da motsinsa, ya haɗiyi ruwa, ya kuma kori iskar da ta maƙale cikin tufafinsa wadda da ta taimaka ta ɗaga shi.

In ya tsallake waɗannan mintuna, saura na gaba. Jini yana janyewa daga hannuwa da ƙafafu don ya kare zuciya, yatsu su sandare, damtse ya mutu, kuma tun kafin sanyin ya kai ga kashe mutum, ninƙayar kanta ta riga ta gagare shi. An jefa masa igiya ya kasa damƙewa. Wannan ya shafi kowa, Bature da Basarke, mai ƙarfi da marar ƙarfi, saboda aikin jijiya ne da tsoka, ƙwarewa ba ta shiga ciki.

Sai kuma ka yi lissafi irin na direba. Jirgin da yake tafiyar kilomita 15 a awa yana barin wanda ya faɗo a baya da mita 250 a kowane minti. Naka jirgin kana sassauta maƙura ka juya shi nan take. Jirgi mai jigo uku da filafilai a buɗe sai an tara mutane an juya sandunan filafilan kafin ya tsaya, sannan a saukar da ƙaramin jirgin ceto. Kafin nan kan mutum a cikin igiyar ruwa bai fi ƙwarya girma ba, yana bayyana yana ɓacewa, in dare ne kuma sai dai fitilar da ke jikin rigarsa. Ina zai yi ninƙayar ya je? Babu gaɓa, babu tsibiri, babu masunci a kusa. Aikinsa kawai ya zauna a saman ruwa, hancinsa a waje, har a zo, kuma rigar kariya ce take yi masa wannan aiki ko da ya suma.

A watan Fabrairun 2010, jirgin filafilai na ɗalibai mai suna Concordia ya kife a teku nesa da gaɓar Brazil, ya nutse cikin ƙasa da rabin awa da mutum 64 a cikinsa, yawancinsu yara 'yan sakandare. Dukansu sun tsira bayan kusan awa 40 a cikin kwalekwalen ceto na roba, kuma babu ɗaya da ya tsira don ya yi iyo zuwa wani wuri. Atisayen da aka riƙa yi musu ne ya sa kowa ya san inda zai nufa da abin da zai ɗauka. Ku kuma a ƙasarku ba ku manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, da fasinjoji sama da 150, a ruwan ɗumi, da rana, cikin mutanen da da yawansu a bakin gulbi aka haife su. Har yau ina jin masu cewa rigar kariya tana hana mutum ninƙaya, ko wai ta baƙi ce, ko wane yana da maganin ruwa na gado ba ya nutsewa. Raina yana ɓaci da wannan magana, domin na san adadin gidajen da ta bari da marayu ba kaɗan ba ne. Addu'a wajibi ce, mahaifiyarku ta yi ta yi, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Wanda aka miƙa masa rigar kariya da ɗamarar tsaro ya ajiye su don yana ji da kansa, girman kai ya yi, kada ya kira shi tawakkali.

Saboda haka abin da za ka nema daga ƙanenka shi ne kada ya faɗa ruwan tun farko. Hawan jigo a wannan jirgi ganin dama ne, ba a tilasta kowa, kuma ƙololuwarsa ta kai mita 48. In zai hau, da ɗamarar tsaro zai hau, ta gefen da iska take bugowa don ta manna shi da igiyoyin, ya riƙe igiyoyin tsaye masu kauri, na kwance na taka ƙafa ne kawai, kuma idan ya isa sandar filafili ya maƙala ƙugiyarsa kafin ya ɗora ƙafa a igiyar takawa. Ya zazzage aljihunsa, domin wayar da ta faɗo daga can tana iya fasa kan wani. Abin mamaki, a saman nan mutane sun fi kiyayewa saboda tsoro yana tare da su. Inda ake sakaci shi ne ƙasa, ƙarfe uku na dare, mutum yana fama da jiri da tashin zuciya, ya lallaɓa shi kaɗai bakin jirgi ya leƙa don ya yi amai, jirgin ya karkata. Ya yi amansa a bokiti, ba abin kunya ba ne, manyan matuƙa ma suna yi. In ya sha maganin jiri, ya gaya wa shugaban rukuninsa, domin yawancinsu suna sa gyangyaɗi, mai gyangyaɗi kuwa ba ya hawa sama. Alwala ma ya yi ta a ciki, kada ya yi tunanin ɗebo ruwa da guga daga teku jirgi yana tafiya, gugan zai fizge shi.

Sauran ƙanana ne: ya rubuta musu tun wajen rajista cewa ba ya cin naman alade, ya ɗauki inshorar da ta ambaci tafiyar teku, ya tafi da tufafin ulu da rigar ruwan sama, domin bazarar can da dare ta fi hunturunku sanyi.

Ka kira shi, ka karanta masa wannan, ka tambaye shi abin da zai yi a minti na farko in ya tsinci kansa a ruwa. In ya ce zai kwanta rigingine ya jira numfashinsa ya dawo, ya hura usur ɗin rigarsa, ka sa masa albarka, ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. In ya sake yin dariya ya ce zai biyo jirgin da ninƙaya, ka ce masa ya bari sai baɗi, kafin nan ya je wurin horo a can Jamus a jefa shi cikin ruwan sanyi a gaban malamai.