Amsa ga 'yar uwar da ke son fara ganin saikolojis ta waya

Wa alaikumus salam 'yar uwa, ke da kika ce admin ta ɓoye sunanki. Tun jiya da dare na ga tambayarki na kasa wucewa, don wancan rashin barcin da kukan da ba dalili tun bayan haihuwa, da tsoron kar wani ya gan ki a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke nan Sakkwato a ce kin taɓu, wallahi kamar daga bakina kika ɗauko su. Kin tambayi yadda ake fara zama da saikolojis, wato mai maganin damuwa ta hanyar tattaunawa, ta waya, nawa ake biya, kuma ya za ki biya ba a cuce ki ba. Sannu, Allah Ya ba ki lafiya.

Ki fara, kar ki jinkirta, amma don girman Allah kar ki tura wa kowa kuɗin zama huɗu ko shida a dunƙule kafin ki san ko waye shi. Nan aka ci ni.

Ni nawa ya taso ne bayan haihuwar ɗiyata ta biyu, lokacin bazara, kin dai san zafin garin nan in ya wuce digiri 40 ga ba wuta. Bayan an yi arba'in kowa ya watse, sai na zama in yarinyar ta yi kuka ƙirjina ya riƙa bugawa kamar zai fito. Akwai daren da take ta tsala kuka a kan gado, ni kuma ina zaune a ƙasa bakin ƙofar banɗaki na toshe kunnuwana da hannu, nono na zuba ya jiƙa min riga amma na kasa tashi in ɗauke ta, ba abin da nake faɗa a raina sai ni ba uwa ba ce, gara a ba wata ta riƙe ta. Har aka kira assalatu ina wurin. Da safe na gaya wa uwar mijina, ta dube ni sama da ƙasa ta ce su da suka haifi tara ba a asibiti ba me za su ce, sangarta ce da rashin godiyar Allah. Wata ta ce iskoki ne, aka yi ruƙiyya, aka kawo hayaƙi. Addu'a ban bari ba kuma ba zan bari ba, amma ciwon damuwa na bayan haihuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da masu maganinsa.

A cikin wannan halin na faɗa hannun wata mata mai kiran kanta saikolojis. Tana da shafi da mabiya da yawa, kullum tana magana mai daɗi a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta ce ba ta zama ɗaya, sai dai in biya na wata guda gaba ɗaya, na sayar da 'yan kunnena na tura mata a akawun ɗin da ba ma sunanta ba ne, ta ce na ƙanenta ne. Zaman farko ta makara, ana ta hayaniyar yara a bayanta, tana amsa wata wayar tana ce min ci gaba ina jin ki. Sauran kuwa sai saƙon murya take turo min, ki yi haƙuri, ki gode Allah, ki riƙa kwalliya ma maigida. Wannan ai ko maƙwabciyata za ta gaya min kyauta. Duk wannan da sauƙi. Abin da har yau in na tuna jikina ke rawa, wata rana ina duba waya sai ga labarina a shafinta, ta cire suna amma ta bar unguwarmu da yawan ɗiyana da maganar da uwar mijina ta faɗa, har da na bakin banɗakin nan, mutane na ta sharhi a ƙasa, wani ya ce irin waɗannan matan ne ke kashe 'ya'yansu. Abin da ban gaya wa Innata ba na gaya mata, ta maida shi abin neman mabiya. Na yi mata magana ta toshe ni. Na bar ta da Allah, ban yafe ba.

To ki tambayi duk wanda za ki zauna da shi a ina ya yi karatu, kuma a wane asibiti ko cibiya yake aiki. Saikolojis na asibiti sai ya yi digiri na biyu a wannan fannin, suna ma da ƙungiyarsu ta ƙasa, NACP. Na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Ki tambaye shi maganar sirri tun kafin ki buɗe baki, wadda nake gani yanzu ita da kanta ta fara min bayanin cewa maganata ba za ta fita ba sai in raina ko na wani yana cikin haɗari. Doka ma akwai, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ita ta maye gurbin tsohuwar nan ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a rufa mai asiri.

Maganar kuɗi, ni dubu 15 nake biya duk zama, wasu sun fi haka wasu ba su kai ba, kuma zama ɗaya ɗaya nake biya, in tura ta Opay ko banki a akawun mai sunanta, in ajiye rasit ɗin. Kar ki ji kunyar cewa ba ki da hali, lokacin da abubuwa suka yi min tsauri na gaya mata, muka koma sati biyu biyu maimakon duk sati. Ki tambaya tun farko in sabis ya yanke ko ke kika fasa zama, kuɗin ya tafi ne ko za a sake sa rana. Su kuma manhajojin nan na Turawa da ake talla, da dala suke caji, kuma suna cirewa daga katinki da kansu har sai kin je kin soke, ga bambancin lokaci da Amurka, ga shi sai kin tsaya yi wa Baturiya bayanin menene kishiya da wankan jego kafin ki kai ga ciwonki. Ki nemi mai jin Hausa, kuka da Turanci wahala gare shi.

Ki sa kuɗin data cikin lissafi, bidiyo na kusan awa ɗaya yana cin data. Mu ta Google Meet muke yi, in sabis ya ƙi sai mu kashe bidiyon mu yi da murya kawai. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40. Ki yi caji, ki nemi iyafis, ki zaɓi lokacin da yara suna islamiyya. Ni ɗaki nake kullewa in kunna fanka don kar a ji.

Kar ki zata zaman farko za ki warke, tambayoyi ne kawai, barcinki, cin abincinki, yaushe abin ya fara. Daga baya wadda nake gani ta sa na sayi ƙaramin littafi, duk sanda mugun tunani ya zo in rubuta abin da ya faru, me na gaya wa kaina, sai kuma hujjar da ke nuna gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Wannan salon gyaran tunani CBT suke ce mai. Ranar da na rubuta "ni ba uwa ba ce" ta sa na lissafo abin da na yi wa yarinyar tun safe, wanka, nono, riga-kafi a asibiti cikin rana, na cika shafi ina kuka.

Abu ɗaya kuma 'yar uwa, saikolojis ba ya rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Ni ma daga baya tura ni ta yi na ga likita a UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma wallahi layi ne kamar kowane layi, da malamai da 'yan kasuwa da hajiyoyi, kowa ta kansa yake. Maganin yana ɗaukar makonni kafin ki ji canji, ba a yanke shi kwatsam, kuma ki gaya wa likita kina shayarwa. In har tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, ko kina jin muryoyi, wannan ba na jiran zaman waya ba ne, yau ɗin nan ki sa a kai ki UDUTH ko Kware.

Ba ki faɗa ko maigidanki ya sani ba. Nawa da fari cewa ya yi asarar kuɗi ce a biya mutum don hira, sai da na roƙi saikolojis ɗin da nake gani ta yi mai bayani na 'yan mintuna a ƙarshen wani zama, yanzu shi ke tura kuɗin. In naki ba zai saurara ba ki samu yayarki ko wata aminiya guda ɗaya da za ta riƙe miki yarinya lokacin zaman, don ba ya yiwuwa da goyo a baya.