Tambaya da Amsa: Bel, Sarƙa, ko Gurzar Taya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da keke mai taya inci 26, da ƙaramin janareta wanda kwayil ɗinsa ya ƙone amma injin lafiya ƙalau. So nake in ɗora shi a keken don zuwa gona wajen Sandamu. Da me zan haɗa injin da taya? Daga mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gurzar taya, wato ƙarfe mai juyawa ya danne bayan taya, ita ce mafi arha, amma cire ta a ranka. Da damina santsi take yi, rairayin Daura kuma kan shiga tsakani ya kankare tayar kamar an sa mata magagari.

Kafin ka sayi komai, yi lissafi. Irin wannan janareta na juyawa sau 3,000 a minti. Tayarka kuwa, a gudun kilomita 30 cikin awa, sau 240 kacal take juyawa. Kenan sai an rage juyin kusan sau 12, kuma sarƙa ɗaya ba za ta iya ba. Farantin baya, wato mai haƙoran da sarƙa ke hawa a tayar baya, sai ya kusa kai faifai girma.

Raba aikin biyu. Sa mai walda ya kafa gajeren sandan ƙarfe kan boris biyu a bayan sirdi. Daga inji zuwa sandan, bel irin na injin markaɗe: fuli, wato ƙarfen da bel ke hawa, inci 2 a inji, inci 6 a sandan, an rage sau 3. Daga sandan zuwa tayar baya kuma sarƙa: faranti mai haƙora 10 a sandan, mai 40 a taya, an rage sau 4. Uku sau huɗu, 12 ke nan.

Bel ɗin ne ma zai zame maka kuloci, tunda janareta ba shi da shi. Ƙaramar taya mai hannu ta danne shi ka tafi, ka sake ta ka tsaya inji na aiki.

Inda ake yawan kuka shi ne farantin baya. A jikin wayoyin taya ake matse shi da notina, wayoyin na tsakanin roba biyu. In ya karkace ko kaɗan, sarƙa ta riƙa faɗuwa, wayoyi su tsittsinke. Juya tayar da hannu kana ɗaure notina kaɗan-kaɗan, ɗaya nan ɗaya can, har ya daina rawa. Sarƙar kuma ka bar mata sassaucin kamar faɗin yatsa.

Birkin gaba da na baya, sabunta su tun kafin ka ja igiyar injin.