Kyat: kuɗi ne, ma'auni ne, ko matsi?

Tambaya: Malam, a labaran ƙasar Myanmar nakan ga sunan kuɗinsu, kyat. Ni dai ina karanta shi kamar farkon "kyau", amma wani abokina ya ce ba haka ake faɗa ba, kuma wai kalmar tana da wasu ma'anoni. Don Allah a warware mana.

Amsa: Malam, abokinka ya yi daidai a duka biyun. Rubutun boko ne ya ruɗe ka, domin "ky" ɗinmu na kyau da kyauta daban yake da nasu. A bakin mutumin Yangon ko Mandalay, manyan biranen ƙasar, wannan "ky" ya fi kusa da "c" ɗinmu na ciki da cinya. Shi ya sa sunan 'yar siyasarsu Aung San Suu Kyi yake ƙarewa da "Ci".

Ƙarshen kalmar ya fi ban sha'awa. A rubutun Bama, babban harshen Myanmar, harafin "p" ne a wurin, Turawa suka sa "t", su kuma masu harshen ba sa furta ko ɗaya. A da can ana bambanta p da t da k a ƙarshen gaɓa, daga baya duk suka narke suka koma ɗan tsayawar nan ta maƙogwaro da muke yi a tsakiyar "sa'a". To ka ce "ca", ka datse numfashi nan take, ka faɗa daidai. A nan Bahaushe ya fi Bature sauƙi, don hamza a bakinsa take tun yarinta. Sai dai ka lura, idan kalmar ta biyo bayan lambar da ta ƙare da wasali, "c" yakan yi laushi ya koma "j". Biyar a harshensu "nga" ce, saboda haka kyat biyar sai ka ji kamar "nga ja'".

Asalinta awo ne. Kyat, ko kyattha a cike, nauyi ne na kusan giram 16.3, kuma guda ɗari suke yin peittha ɗaya, wajen kilo 1.63. Kafin sulalla su yaɗu, gutsuren azurfa ake ɗorawa a sikeli a yi ciniki, sai sunan nauyin ya bi azurfar har ya zama sunan kuɗi. Ma'aunin bai mutu ba. Har gobe da kyattha ake faɗin farashin zinariya a can, mai kifi da mai albasa kuma da peittha suke auna wa mutane.

Sarki Mindon na Burma, tsohon sunan Myanmar, ne ya buga sulallan azurfa masu hoton ɗawisu, ya kuma buɗe gidan buga kuɗi a Mandalay a 1865. Da Ingila ta ci birnin a 1885, rupee, kuɗin Indiya, ya mamaye kasuwa. A 1952 aka fito da kyat na yanzu, aka raba shi gida ɗari, kowane kashi ana kiransa pya.

Ma'ana ta uku aikatau ce, rubutu ɗaya, furuci ɗaya: abu ya matse. Takalmi ya kama ƙafa, mota ta cika ba masaka tsinke, duk kyat ne. Daga nan aka sami akyat-ate, wato ƙunci ko halin ƙaƙa-ni-ka-yi, kalmar da jaridunsu ke amfani da ita ga rikicin siyasa da na tattalin arziki. A ganina bai kamata a yi gaggawar cewa kuɗin daga matsi ya samo suna ba, tunda hanyar awo a fili take. Wurin zaman kalmar a jimla shi ke raba gardama: in tana tare da lamba, kuɗi ne ko nauyi, in kuwa ta zo a ƙarshen magana da ɗafin aikatau a bayanta, ana nufin wani abu ya matse.