Masoya Mawaƙa: Daga Katin Zaɓe Zuwa Wayar Hannu

Tambaya: Ina ganin matasa a nan Bauchi suna kafa ƙungiyoyin masoya mawaƙa da 'yan fim a waya, har da shugabanni da taruka. Shin intanet ce ta kawo mana wannan al'ada, ko kuwa tana da tushe a wurinmu? Daga wata ɗaliba a Bauchi.

Amsa: Malama, al'adar ta girmi intanet nesa ba kusa ba, kuma mai neman tushenta sai ya koma gidan rediyo. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962 zamanin gwamnatin Jihar Arewa, ya yi fice da shirin Zaɓi Sonka, inda mai sauraro zai sayi katin zaɓe, ya rubuta sunansa da na waɗanda yake son gaisarwa, ya aika, sannan ya kasa kunne ya ji an ambace shi kafin a sako waƙar Shata ko ta Ɗanmaraya Jos. Waɗannan su ne 'yan zaɓe. Da yake sunayensu na yawan fitowa, sai mutumin Azare ya san na Zariya ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, har ta kai ga kafa ƙungiyoyi masu shugabanni, ana ziyartar juna a biki da suna da ta'aziyya. A ganina, duk abin da matasan yau suke yi, in ban da sauri, 'yan zaɓe sun riga su yi.

Zamanin kaset ya mayar da muhawarar bakin shagon mai sayar da kaset, inda ake tsayuwa a yi musun wace murya ce ta fi zaƙi. Bayan finafinan Hausa na bidiyo sun fara fitowa a Kano a 1990, waƙoƙin fiyano suka jawo sabon rukunin masoya, mata da matasa musamman, kuma mujallar Fim da ta fara fitowa a 1999 ta ba su shafin wasiƙu, inda suke yabo da suka da sunayensu.

Zuwan wayar salula a 2001 bai sauya komai nan take ba, domin layi ma tsada gare shi a lokacin. Sauyin ya zo ne da wayoyi masu memori da masu tura waƙoƙi a bakin kasuwanni irin su Wunti, sannan 2go da Facebook da WhatsApp suka biyo baya, kafin YouTube da TikTok.

Babban bambancin, wanda kuma ya fi damuna, shi ne rashin mai tacewa. A da, kati sai ya bi ta hannun mai gabatar da shiri, wasiƙa kuma ta hannun edita, saboda haka zagi ba ya isa kunnen jama'a. Yanzu masoyin wani mawaƙi yana iya cin mutuncin abokin hamayyar gwaninsa kai tsaye, dubbai na kallo. Amfaninsa kuwa shi ne, matashin mawaƙi a Misau zai iya tara masoya ba tare da ya je Kano neman wanda zai tsaya masa ba.

Idan bincike kike son yi, ki fara da tsofaffin ma'aikatan gidan rediyon jihar Bauchi da dattawan 'yan zaɓe, ki naɗi hirarsu, ki kuma roƙe su su nuna miki katuna da hotunan taruka idan sun adana.