Amsa ga ƙanena mai tambayar alto

Salam ƙanena. Na ga tambayarka, wai shekara uku kana koyon viyolon, gogen Turawa, a Ngaundere, malaminka ya ce ka koma alto, ɗan'uwan viyolon da ya ɗan fi shi girma da kaurin murya, kana so ka san ko mutum zai kai orkestra, babbar ƙungiyar makaɗa, har ya ci abinci da shi. Wallahi sai da na ajiye waya na yi shiru, don ni ma haka aka yi min a Yawunde.

Komawar ba laifi ba ne, masu alto sun fi ƙaranci. Amma kar wani ya ce maka ai alto babban viyolon ne kawai. Tsirkiyoyinsa do, sol, re, la ne, babu mi irin na viyolon, kuma da kle d'ut ake rubuta masa, wato alamar farkon layi mai nuna mazaunin kowace nota, daban da ta viyolon, sai ka sake koyon karatu kamar ɗan aji ɗaya. Ni wata biyu ina kama nota a inda ba ta.

Abin da ya kashe ni girman kayan ne. Wani malami, ba zan faɗi sunansa ba, ya sayar min da nasa alto mai jiki tsawon santimita 42, wai babba ya fi murya, alhali ni gajere ne, hannuna bai kai ba. Na ce kafaɗata na ciwo ya ce ragwanci ne irin namu na arewa. A gaban yara ya faɗa! Na yi ta dannawa awa biyar kullum har ɗan yatsana na ƙarshe ya daina ji, cokali ma faɗuwa yake. Kuɗin kuwa gonar albasar mahaifiyata aka jinginar a Garwa, ga baffana yana cewa na je birni na zama ɗan goge maroƙi. Wata takwas ban taɓa kaya ba, mutumin nan ko gaisuwa. Allah ya isa dai. Ka nemi 39 ko 40, ka gwada a kafaɗarka kafin ka biya ko dala.

Orkestra kuma, konkur ake yi, wato gasar kiɗa ta neman gurbi, sau da yawa bayan labule, minti kaɗan ka ji mersi, wato an gode, shi ke nan. Na yi biyu a Faransa ban ci ba. Can ma alto bai samu ajinsa a konsabatuwar ta Paris, babbar makarantar kiɗa, ba sai 1894, raini ya daɗe. Nan Afirka kuma, ka duba orkestra na mabiya cocin Kimbangist a Kinshasa, Armand Diangienda ya kafa shi a 1994, tsohon matuƙin jirgin sama ne ma.

Ni yanzu koyarwa ke riƙe da ni, yara da solfej, wato karatun nota, kuma ina jin daɗinta fiye da yadda na zata.

Af, hunturu! Iskar nan tana tsaga katako, ka sa ɗan soso mai laima cikin akwatin, kar ya taɓa jikin kayan. Turo min bidiyon yadda kake riƙe shi in ga kafaɗar.