Hukuncin gano cuta ta hanyar danna hannu

Tambaya: Allah gafarta Malam, wata mai tallan magungunan ƙarin kuzari ta zo gidanmu. Ta sa na miƙe hannun dama, na riƙe kwalbar magani da hagu, sai ta danna hannun da na miƙe. Wai in hannun ya tsaya ƙyam jikina na buƙatar maganin, in ya saki bai karɓe shi ba. Har ta ce da haka ake gane wanda aka yi wa sammu. Ya halatta in yi aiki da wannan gwaji?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, abu biyu aka cakuɗa miki. Auna ƙarfin tsoka aikin likita ne sahihi. Robert Lovett, likitan ƙashi a birnin Boston na Amurka, shi da Wilhelmine Wright suka tsara shi a farkon ƙarni na 20 don su san iyakar ɓarnar da shan inna ya yi wa gaɓoɓin yara. A 1949 Henry Kendall da matarsa Florence suka faɗaɗa shi, kuma har gobe a asibiti ana ba tsokar mai shanyewar ɓarin jiki maki daga 0 zuwa 5. Wannan halal ne, babu ja.

Wanda aka yi miki kuwa daga baya ya ɓullo. George Goodheart, wani mai gyaran ƙashin baya a Detroit, shi ya fito da shi a 1964, ya sa masa suna Applied Kinesiology. Da'awarsa ita ce kowace tsoka tana da alaƙa da wani sashe na kayan ciki, don haka rauninta na nuna ciwon hanta ko ƙoda ko ƙarancin wani sinadari. Da masu bincike a Amurka suka gwada abin a 1988, suka kwatanta shi da gwajin ɗakin awo, sai ya kasance bai fi canki-canka ba. Dalilin a fili yake: mai dannawa kan ƙara ƙarfi ko ya rage, ko ya sauya inda ya ɗora yatsu, sau da yawa ba tare da ya sani ba, ke kuma hannunki na bin abin da kike tsammani.

Ka'idar malamai ita ce ba a riƙon abu a matsayin sababi sai in shari'a ta tabbatar da shi, kamar ruƙya, ko jarrabawa ta tabbatar, kamar awon jini. Wannan bai samu ko ɗaya ba. Don haka bai halatta ki gina magani a kansa ba, balle ki ajiye wanda likita ya rubuta miki. Mai sayarwar, in ta san wasa ne, ta faɗa cikin hadisin Muslim: wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. In ma ta yarda da shi da zuciya ɗaya, kamar yadda na fi zato, hadisin Abu Dawud ya ce wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da ilimin ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ta biyo.

Maganar sammu ta fi muni. Tambayar hannu ya fayyace abin da ke ɓoye da i ko a'a ɗan'uwan ƙuri'ar kibau ne irin ta Larabawan jahiliyya da Suratul Ma'ida ta haramta, kuma hanya ce ta zargin kishiya ko maƙwabciya ba hujja. Ki yi wa mai tallan nasiha cikin sirri, kada ki kira ta boka a bainar jama'a. Idan kasala ke damun ki, ki je a auna jininki.

Wallahu a'alamu.