Hukuncin ƙure sauti a cikin Adaidaita Sahu, ko da karatun Alƙur'ani ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kullum daga Kabuga nake hawa Adaidaita Sahu, safe da yamma. Wasu masu adaidaitar sukan ɗaura sifika a ƙarƙashin kujera su ƙure kiɗa har ƙirjin mutum ya riƙa bugawa. Na taɓa roƙon wani ya rage, ya ce ai abin hawansa ne, in ba zan iya ba in sauka. Abin da ya fi ɗaure mini kai, makon jiya wani fasinja ya kunna karatun Alƙur'ani a wayarsa da ƙarfi, wata dattijuwa ta ce ya rage, kanta na ciwo, sai ya ce, "Hajiya, Alƙur'ani ne fa." Ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Wa ke da gaskiya? Ina da laifi idan na zauna ana kiɗa? In na sauka a hanya, sai na biya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwana, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Dattijuwar nan ita ke da gaskiya, kuma da ita zan fara, domin nan ne mutanen kirki suka fi ruɗewa.

Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Manzon Allah (SAW) ya fito ya tarar da mutane suna salla, muryoyinsu sun ɗaga da karatu, sai ya ce mai salla yana ganawa ne da Ubangijinsa, ya duba da me yake ganawa da Shi, kuma kada sashenku ya ɗaga murya a kan sashe da Alƙur'ani. Abu Dawud ma ya kawo irinsa daga Abu Sa'idil Khudri: Annabi yana i'itikafi, ya yaye labule ya ce kada sashenku ya cutar da sashe. Duba da kyau: wurin masallaci ne, masu karatun Sahabbai ne, abin da ake karantawa maganar Allah ce, amma duk da haka aka hana, aka kuma kira shi cutarwa. To ina ga keke mai ƙafa uku, inda mutum uku suke matse a baya, kafaɗa na gugar kafaɗa?

Akwai kuma hakkin Alƙur'anin kansa. Allah ya ce a Suratul A'araf, aya ta 204, idan ana karanta Alƙur'ani ku saurara, ku yi shiru. Wanda ya kunna shi a tsakiyar cunkoson Ƙofar Nasarawa, ana danna hon, direba na cacar baki a kan canji, na gefe na ciniki a waya, ya kai littafin Allah inda ba za a ba shi wannan girman ba. Sannan ya sa baiwar Allah ta ji nauyin karatu a zuciyarta, ya kuma rufe mata baki da sunan addini. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali. Niyyarsa mai kyau ce, ban musa ba, amma ladan sauraro yana nan cikakke idan ya sa abin jin sauti a kunnensa shi kaɗai. Haka hukuncin yake ga wa'azi, da tafsiri, da yabon Annabi. Idan duk na ciki sun yarda kuma suna saurare, a kunna daidai kima, alheri ne. In mutum ɗaya ya ce yana cutuwa, a rage ko a kashe.

Asalin mas'alar yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 36, inda Allah ya jero waɗanda ya wajaba a kyautata wa: iyaye, dangi, marayu, miskinai, maƙwabta, sai ya ce "was sahibi bil janbi", wato aboki na gefe. An ruwaito daga Ibnu Abbas da Mujahid cewa abokin tafiya ake nufi. Ke nan wanda ka zauna kusa da shi daga Kabuga zuwa Kwari, ba ka san sunansa ba, yana da hakki a kanka da nassin Alƙur'ani. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, mafi yawanmu a cikin waɗannan kekuna muke haɗuwa, malami da ɗalibi, mai jego da ɗan dako. Sunan Adaidaita Sahu ma daga bakin liman aka aro shi a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, kuma a sahun salla ba a takura wa na kusa.

Maganar mai adaidaita cewa abin hawansa ne, gaskiya ce da aka ajiye ba a muhallinta ba. Keken nasa ne, ko na maigidansa, amma da ya tsaya ya ɗauke ka a kan kuɗi, ya ƙulla ijara da kai: ka sayi amfanin wurin zaman nan har inda kuka yi da shi. Mallaka ba ta halatta cutarwa, domin Annabi (SAW) ya ce "la darara wa la dirar", ba cuta ba cutarwa. Na taɓa hawa tare da wata mata da ta fito daga asibiti, yaro a kafaɗarta jikinsa zafi rau, sifika na dukan ƙasan kujerar da take kai. Yaron na firgita, ita kuwa ta kasa magana, sai toshe masa kunne take da gefen hijabinta. Da na yi wa direban magana a hankali, nan take ya kashe, har da ba da haƙuri. Yawancin yaran nan ba mugunta ba ce, wuni suke a titi cikin rana suna neman kuɗin da za su kai wa mai keke, kiɗan ke ɗebe musu kewa. Sai dai uzurin gajiya bai mayar da cutarwa halal ba. In waƙar kuma ta batsa ce, haramun ce ko da a hankali aka sa ta, kuma laifin ya ninka idan akwai mata da yara. Ga haɗari a kai: wanda ya ƙure sauti ba ya jin hon na bayansa, ba ya jin fasinja na cewa "akwai".

Fasinjan da ke buɗe saƙon murya kowa na ji, da mai zage-zage a waya, da mai kallon bidiyo ba abin kunne, duk hukuncinsu ɗaya. Luƙman ya yi wa ɗansa wasiyya da ya sassauta muryarsa, yana nan a Suratu Luƙman, aya ta 19.

Game da kai, malamai sun bambanta tsakanin ji da saurare. Abin da ya faɗo kunnenka ba da nufinka ba, ba ka da zunubi a kansa, matuƙar ba ka karkata gare shi ba. Amma ka yi magana sau ɗaya, da taushi: "Ɗan'uwa, don Allah ɗan rage mana." Kada ka ci masa fuska a gaban mutane, kada ka kai hannu kan kayansa. Shirun da ka yi ranar dattijuwa, da ka ce wa saurayin nan, "Malam, ai Annabi ya hana a cutar da wani da karatu", da ka taimaki su biyun. In ka ga magana za ta jawo rigima, ka ƙi abin a zuciyarka, ya wadatar.

Sauka kuwa ba dole ba ce, musamman da dare ko inda samun wani keken ke da wuya. In ka zaɓi sauka, ka biya shi gwargwadon tafiyar da ya yi da kai bisa al'adar kuɗin wannan hanya, kada ka hana shi da sunan horo. In shata ka ɗauke shi, ka faɗa masa sharaɗinka tun kafin ka hau, ya zama wajibi a kansa ya cika.

Wallahu a'alam.